Mil 13 a Kan Tsohon Dogo: Daga Bristol Zuwa Bath

Jirgin ƙasa ba ya son tudu, ba ya son kwana mai kaifi, kuma ba ya tsaya wa kowa a mararraba. Shi ya sa injiniyoyin da suka shimfiɗa dogo tsakanin Bristol da Bath, a kudu maso yammacin Ingila, suka sassare tuddai, suka cike kwari, suka huda dutse inda ya ƙi saruwa, suka ɗora gadoji a kan kogin Avon. Ba don mai keke suka sha wannan wahala ba, balle tsohuwa mai dogara sanda. Amma yau su ne suka ci gadon. Jirgin fasinja ya daina bi a 1966, daga baya aka kwashe ƙarafan, abin da ya rage shi ne wata siririyar hanya mai tsawon mil 13, wato kimanin kilomita 21. Faɗinta a yawancin wurare bai wuce mita 3 ba, kuma mota ba ta da izinin sa ƙafa.

Mutuwar layin ba ta da wani dogon labari. A 1963 Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, ya fitar da rahoton da ya ce a rufe layukan da ba sa kawo riba, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana datsewa. Reshen da ya tashi daga Mangotsfield zuwa Bath, wanda aka buɗe a 1869, yana cikin waɗanda abin ya ritsa da su. Jirgin kwal ya ci gaba da jan jiki zuwa masana'antar gas ta Bath har 1971, daga nan sai ƙaya da ciyawa suka karɓi wurin.

Farfaɗowarsa ce abin ji. A 1977 wasu mazauna Bristol da suka gaji da yadda mota ta cinye musu gari, ga kuma tsadar man fetur da ta soma a 1973, suka kafa ƙungiya mai suna Cyclebag. Cikinsu akwai wani injiniya, John Grimshaw. Da koke suka fara. Da suka ga koke ba ya shimfiɗa hanya, sai suka nemi a ba su hayar tsohon layin, suka ɗauki shebur da baro da kansu. A 1979 suka soma da yankin Bath zuwa Bitton, mil 5, aikin gayya zalla, ana zuba garin dutse ana bajewa da manjagara. Sauran aka bi shi a hankali, har da hannun marasa aikin yi da gwamnati ke biya ƙarƙashin wani shirin rage zaman kashe wando, aka kammala a 1986. Ƙungiyar ta rikiɗe ta zama Sustrans, wadda daga baya ta jagoranci shimfiɗa irin waɗannan hanyoyi a faɗin Birtaniya. Wannan ita ce 'yar farinta.

Da na sauka Bristol, mai masaukina, wani ɗan uwa da ya daɗe a garin yana aikin jinya, tsohon kekensa ya jawo mini daga bayan gida, da wani makulli mai nauyin da ya kusa kamo na keken. Ya ce, “Ƙanena, ka fara sanin hanyar dogo, sauran garin zai zo da kansa. Amma ko gishiri za ka shiga saya ka ɗaure shi, ɓarayin keken garin nan ba su da ranar hutu.” A unguwar Easton yake zaune, kuma daga ƙofarsa zuwa bakin hanyar bai kai tafiyar da za ta sa mutum gumi ba.

Hanyar ba ta da wata ƙofa mai ado. Tana farawa ne a bayan wasu ɗakunan ajiya da gidajen haya, ba nisa da babbar tashar Temple Meads, sannan ta kutsa ta Lawrence Hill da Easton da Whitehall. Wannan yanki shi ya fi cunkoso, kuma a nan mutum ke gane cewa ba wurin shan iska ba ne, titi ne, babban titin unguwa ma kuwa. Wajen ƙarfe 8 na safe sai wanda ya gani. Matan Somaliya cikin dogayen hijabai suna tura keken jarirai, manyan yaran na gaba cikin kayan makaranta. Dattawa 'yan asalin Jamaika da hulunansu suna tafiya a natse. Ma'aikatan asibiti da suka kwana aiki suna komawa gida ido ya yi ja, ma'aikatan ofis kuma suna kwararowa daga gabas cikin matsattsun kaya da hular kwano, kai a sunkuye, kamar an ce wanda ya riga isa shi za a ƙara wa albashi. Zuwa rana sai masu kai abinci gida-gida su karɓi fage da kekunansu masu batir da manyan jakunkuna a baya, yawancinsu baƙi ne irinmu.

Kada mai karatu ya zaci zumunci ake yi. Baturen Ingila ba ya gaida wanda bai sani ba. In ya yi ƙoƙari ya ɗan kaɗa kai, ya matse leɓe, ya wuce. Masu karnuka ne kaɗai na ga suna tsayawa hira, su ma ta kan karnukan ake shiga maganar, a tambayi sunan kare da shekarunsa, ba a tambayi na mai shi ba. Amma a titin mota kowa na cikin akwatinsa, gilashi a rufe, ba ka san ko wane ne ya tare maka hanya ba. A nan fuska na ganin fuska. Lauya da mai wankin kwanuka a gidan abinci suna kauce wa juna a kan kwalta ɗaya kowace safiya, kuma wanda ka saba gani kullum, ko ba ku taɓa magana ba, ranar da ba ka gan shi ba za ka lura.

Mita 3 ba ta isar wannan jama'a, don haka ba a rasa ɓacin rai. Ƙa'idar da aka sani ita ce kowa ya riƙe hagu, mai keke ya kaɗa ƙararrawa kafin ya wuce mai ƙafa. To amma ƙararrawar kanta rigima ce: in ka kaɗa, wani ya ji kamar korarsa kake, in ba ka kaɗa ba, ya ce ka firgita shi. Inda makarantun firamare ke bakin hanyar, iyaye sun daɗe suna kukan masu gudun wuce sa'a, har aka faɗaɗa wasu wuraren aka yi musu zane mai launi don a sassauta. A ganina laifin ba na keke ba ne. Mutumin da ke da halin matsa wa na ƙasa da shi, in ka raba shi da mota ka ba shi keke, halinsa zai hau da shi. Da dare kuma akwai lungunan da aka sha yin ƙwacen waya da keke, kuma mata da dama ba sa bi su kaɗai in duhu ya yi.

Duk da wannan, ranar da aka taɓa hanyar kowa ya manta da rigimar ƙararrawa. A 2008 ta fito fili cewa hukumomin yankin na shirin ɗora layin motocin bas a kan wani dogon sashe nata. A takarda dabarar tana da kyau, tunda ga fili miƙaƙƙe har tsakiyar gari ba tare da an rushe gidan kowa ba. Dubban mutane suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, aka yi jerin gwano, aka cika zauren majalisar birni, shirin ya koma aljihun tebur.

In mutum ya sauka daga hanyar a Easton, taku kaɗan ne zuwa titin St Mark's. Masallacin Juma'a na unguwar yana nan, coci na fuskantarsa. A titin ne kuma wani iyali da Idi Amin ya kora daga Uganda a 1972 suka buɗe ɗan shago wanda yau ya zama babban kantin kayan yaji, inda na riƙa samun kuɓewa da tsamiya da citta. A 2017 aka fara rufe titin a wani yammaci cikin azumi, a shimfiɗa tabarmi a kan kwalta, dubban mutane, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, su sha ruwa tare. A waccan shekarar azumi ya faɗo a Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai wajen 9:30 na dare. Wanda ya saba da Kano, inda tsawon yini bai cika sauyawa da fiye da awa ɗaya da rabi ba duk shekara, zai jima bai saba da wannan ba: yinin Yuni a Bristol ya haura awa 16 da rabi, na Disamba bai cika awa 8 ba. Duk abin da ke faruwa a gefen hanyar nan, na tsiro da na tsuntsu da na mutum, wannan miƙewa da tsukewar yini ce ke jan ragamarsa.

Gefen dogo ƙasa ce da ba a taɓa nomawa ba. Garma ba ta shiga, ba a zuba taki, ba wanda ya damu da ita. Da jirgi ya tafi sai ta zama wani siririn daji mai tsawon mil 13, ya haɗa lambunan bayan gida da maƙabartar Greenbank da 'yan fulotan da mutane ke haya suna shuka kabeji da wake, har ya fita zuwa makiyaya. Yanyawa na bin sa daga wannan unguwa zuwa waccan. Bristol ta yi suna da yanyawar cikin gari, jami'ar birnin ta fara bin diddiginsu tun 1977, kuma ƙazuwar da ta ɓarke musu a 1994 ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 kafin su sake yaɗuwa. Na yi kiciɓis da wata da asuba kusa da tsohuwar masana'antar cakulan ta Greenbank, wadda aka rufe a 2006 aka mayar gidaje. Ta tsaya tsakiyar kwalta ta dube ni, ko gezau, sai da ta ga dama ta shige ƙaya.

Wanda ya zo a Fabrairu zai rantse itatuwan nan sun mutu. Rassa tsirara, baƙi ƙirin don danshi, sama a haɗe kullum. A Maris wata ƙaya mai baƙin reshe ke fara buɗe fage, ta fitar da fararen furanni tun ganyenta bai fito ba. A Afrilu, cikin wuraren da aka sara tudu inda rana ba ta cika leƙawa, ƙasa kan rufe da tafarnuwar daji. Hanci ke fara sanin an iso wurinta kafin ido. Mutane na tsinkar ganyen a leda su kai gida su markaɗa da man zaitun da cuku. Kafin Mayu ta raba, shingen hagu da dama ya yi fari fat da fure, rassan sama sun haɗe, hanyar da ka sani a buɗe ta koma rumfa.

Tsakiyar Afrilu wani baƙo ke sauka wanda ya kamata Bahaushe ya yi wa barka da zuwa, domin daga wajenmu yake. Ɗan tsuntsu ne da nauyinsa bai wuce giram 15 ba, bayansa ruwan ƙasa, kan namijin toka-toka, maƙogwaronsa fari tas, kuma da wannan farin maƙogwaro Turawa ke kiransa. An fi ganinsa bayan an wuce Warmley, inda gidaje suka ja baya gonaki suka buɗe. Yakan hau kan sarƙaƙiya, ya kumbura maƙoshi, ya saki wata gajeriyar waƙa mai kaushi, sannan ya yi tsalle sama ya sauko yana rangaji, ya koma inda ya tashi. Ba shi da muryar da za a yi masa kirari. Tafiyarsa ce abin mamaki. Duk lokacin sanyin Turai a Sahel yake yinsa, daga Senegal zuwa gabas, cikin ƙayoyin bakin fadama. Masu binciken tsuntsaye da suka yi aiki a bakin Tafkin Chadi a shekarun 1960 sun ga yadda ire-irensa ke dirar wa 'ya'yan itacen asuwaki kafin tafiya, su ci har su yi ƙiba. Kitsen nan shi ne guzurin tsallaka Sahara.

A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka fita kamar yadda suka saba kowace shekara, suka tarar kusan kashi 70 cikin 100 na wannan tsuntsu ba su dawo ba. Aka yi ta laluben dalili a gida, ba a samu ba. Da aka duba alƙaluman ruwan sama na Afirka ta Yamma sai amsa ta fito: daminar 1968 ta gaza a Sahel. Babu ƙwari, babu 'ya'yan itace, tsuntsayen suka tashi da guzurin da bai isa ba, hamada ta cinye su. Wato shingayen ƙauyukan Ingila sun ji labarin farin nan shekaru kafin jaridun duniya su fara buga hotunan gawarwakin shanu a 1973. Dattawanmu da suka ga wannan fari ba su san wani Bature mai littafi da fensir yana ƙirga asararsa a can ba, shi ma bai san sunan ko ɗaya daga garuruwan da suka watse ba. Har yau adadin tsuntsun bai koma yadda yake kafin wannan shekara ba.

Tsattsewa kan biyo baya a farkon Mayu. Da yamma sukan yi garke suna shawagi a kan rufin gidajen Easton suna ƙara mai kaifi, kuma kafin tsakiyar Agusta sun juya Afirka. A ƙarƙashin rufin tsofaffin gidaje suke sheƙa, don haka duk gidan da aka gyara aka toshe ramukansa, an kori wani iyali ke nan ba da sani ba.

Daga Easton hanyar na hawa, amma hawan jirgi ne, wanda cinya ke ji ido bai gani ba. A Fishponds akwai wani ƙaton kifi da aka gina da jan bulo, kansa a ƙasa wutsiya a sama, yara na hawa. Gaba kaɗan sai kogon Staple Hill, inda aka huda tudu kusan rabin kilomita. Tun kana nesa iska mai sanyi ke fitowa ta tare ka, ko da kuwa ana tsakiyar zafin Yuli. Bakin kogon ya yi kore da gansakuka. A ciki fitilu ne jere a bango, ruwa na ɗiga daga sama ko an yi mako ba a yi ruwa ba, wani ɗigon ya sami bayan wuyanka daidai. Ƙarar sarƙar keke na ninkuwa, kuma ban taɓa ganin yaron da ya shiga bai kurma ihu don ya ji muryarsa ta dawo ba. Iyayen kan yi kamar za su hana, amma na ga uba guda da ya taya.

Mangotsfield mahaɗa ce a da, inda layin Bath ke rabuwa da na arewa. Yanzu bangayen tashar ne kawai a tsaye, tagogi babu gilashi, kuma an dasa itatuwa a jere inda ginshiƙan rumfar suke. A nan ne wani ɗan Bath, Arnold Ridley, ya taɓa maƙalewa da dare yana jiran jirgi, abin da ya ba shi dabarar rubuta wasan kwaikwayonsa The Ghost Train a 1923, labarin fasinjojin da dare ya ritsa da su a tashar da ake cewa tana da fatalwa. Yau iyalai ke shimfiɗa bargo a kan dandamalin suna cin burodi.

Daga nan gangara ce har Warmley, inda aka mayar da ɗakin jiran fasinja gidan shayi. Ranar Lahadi kekuna kan yi tsibi a jikin shinge, tsofaffi masu furfura da suka yi mil 7 suna ba kansu ladan kek. Wuri ne mai daɗin zama, kuma da wuya ka ji wani ya ambaci abin da ƙauyen ya yi suna da shi. A 1746 William Champion ya kafa babbar masana'antar tagulla a nan. Shi ne na farko a Birtaniya da ya samo hanyar fitar da tutiya daga dutsenta da yawan da za a yi ciniki, ya yi rajistar dabarar a 1738, kuma tutiya da jan ƙarfe su ake narkawa a sami tagulla. Duk kwarin Avon, daga Bristol zuwa Bath, ya cika da irin waɗannan maƙeru. Ɗaya na nan tsaye a Saltford, gab da hanyar, an yi aiki a cikinta har 1925. A da ruwan kogi ke juya wata babbar ƙafa, ƙafar ta ɗaga manyan guduma, gudumar ta yi ta dukan faifan tagulla har ya lotsa ya zama tasa ko daro.

Ina aka kai tasoshin? Kaso mai yawa gaɓar Afirka ta Yamma aka nufa da su, cikin kayan da ake musaya da mutane. Tsakanin 1698 da 1807 jiragen ruwan Bristol sun yi tafiya sama da 2,000 zuwa Afirka, suka kwashi kimanin mutum 500,000 zuwa bauta a nahiyar Amurka. Duniya ta ga ranar 7 ga Yuni, 2020, da masu zanga-zanga suka tumɓuke gunkin Edward Colston, wani tsohon mai fataucin bayi, a tsakiyar Bristol suka jefa shi a ruwa. Gunki abu ne mai sauƙin nunawa da yatsa. Maƙerar Saltford kuwa ɗan tsohon gini ne mai kyau a bakin ruwa, agwagi na iyo a gabansa, kuma masu aikin sa kai da ke kula da ita ba sa ɓoye inda kayanta suka tafi. Na fi ganin amfanin wannan. Maƙerin da ya kurmance saboda ƙarar guduma bai taɓa ganin Afirka ba, amma abincin gidansa daga can yake fitowa.

A Bitton dogon bai mutu duka ba. Wasu masu son jirgin ƙasa sun sake shimfiɗa kimanin mil 3, suna tuƙa tsofaffin jirage masu tururi a ranakun hutu, shinge kawai ya raba su da masu keke. Akanta ne da malamin makaranta da ɗan fansho ke sa baƙaƙen kaya suna zuba kwal a wuta kyauta, fuska duk baƙi, baki har kunne. In jirgin ya taho yana huci, yaran da ke ciki su ɗaga wa na kan keke hannu, na kan keke su yi ta taka feda suna son su riga shi, kuma sau da yawa suna riga shi.

Bayan Bitton ƙasa ke buɗewa sosai. Hanyar na bisa tudun da aka cike, kogin Avon na lanƙwasa a ƙasa, a tsallaka shi a sake tsallakawa. Daga hagu ga tudun Kelston da 'yan itatuwa cunkushe a ƙoƙuwarsa. Zalɓe na tsaye a bakin ruwa. A jikin gaɓa an ɗaure dogayen jiragen ruwa sirara, da tukwanen fure da itacen wuta da keke a kan rufi. Wasu don nishaɗi, wasu kuwa gidajen mutane ne da kuɗin haya a Bath da Bristol ya fi ƙarfinsu. In zafi ya kai digiri 25, abin da mu za mu kira sanyin safiya, sai gari ya ruɗe. A tuɓe riguna, a baje a ciyawar Saltford, a faɗa kogi, fata ta yi ja kafin la'asar.

Ni dai ƙarshen Agusta zuwa Satumba na fi so. Sarƙaƙiyar nan da ta yi ta yagar wa mutane wando duk shekara sai ta biya diyya. 'Ya'yanta kan fara kore, su yi ja, su koma baƙi sumul, kowanne tarin 'yan ƙananan ƙwayoyi masu ruwa. Wanda ya nuna da kansa yake faɗowa hannu. In sai ka ja, bai yi ba, zai kama maka haƙori. Kamar magaryar bakin hanya take, ba ta kowa ba ce, kowa kuma nasa ne. Za ka ga kekuna a yashe a gefe, mutane sun dulmiya cikin ƙaya da robobin ayis kirim, yatsu sun rine. Wata tsohuwa da muka haɗu a gindin sarƙaƙiya ɗaya ta nuna mini yadda take jawo reshen sama da ƙugiyar lemarta, ta kuma gargaɗe ni kada in tsinki na ƙasa da gwiwa, saboda karnuka. A nan ne kaɗai na ga Baturen Ingila ya fara magana da baƙo ba tare da kare a tsakani ba. Suna da wani camfi cewa bayan ƙarshen Satumba Shaiɗan ya tofa musu miyau, ba a ci. Gaskiyar maganar danshin kaka ne ke sa su fumfuna, amma camfin ya fi saurin shiga kan yaro.

Oktoba ganye ke juyawa rawaya da ja ya zube, ruwa ya jiƙa shi ya zama santsi, birki ya daina jin magana. A Lahadin ƙarshe ta watan ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kuma washegari masu tashi daga aiki su fito cikin duhu. A Disamba ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Masu yawon Lahadi sun ɓace, gidan shayi ya rage awoyi, sai waɗanda hanyar ta zame wa dole, jerin fararen fitilu masu tahowa da jajaye masu tafiya. Cikin gari akwai fitilun kan hanya. Bayan gari fitilarka ce gatanka. Da safe raɓa kan daskare a kan gadoji tun sauran kwaltar lafiya lau, kuma a nan ake yawan faɗuwa. In ruwa ya yi yawa Avon ya yi ambaliya, makiyayan Saltford su zama tafki, kawunan shinge kawai ake gani, hanyar kuwa na sama a bushe, domin masu dogo sun san halin kogin tun 1869. Shingen da mai farin maƙogwaro ya bari ba ya zama kango: wasu tsuntsaye masu ja a ƙarƙashin fiffike kan sauko daga ƙasashen arewacin Turai garke-garke, su cinye jajayen 'ya'yan ƙayar tas. Su a wajensu Ingila ce ƙasar ɗumi. A wannan lokacin ne kuma masu aikin sa kai ke fitowa da almakashi da zarto suna rage ƙayar da ta ci hanya, domin daga Maris ba a taɓa shinge, tsuntsaye sun fara sheƙa.

Ƙarshen hanyar a gefen Bath ba shi da wani armashi. Tana ƙarewa a wata unguwar ƙananan masana'antu, daga nan a bi gaɓar kogi zuwa cikin gari, inda gine-ginen dutse masu launin zuma ke hawa tudu sahu-sahu. Masu yawon buɗe ido na layi don ganin wurin wankan Rumawa, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa da zafin digiri 46. Hukumar UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Ni kuwa tashar Green Park na nema, inda jiragen wannan layi suke tsayawa a da. Ginin na nan da babbar rumfarsa ta ƙarfe da gilashi. Ranar Asabar manoma ke baje kolinsu a ƙarƙashinta, kasuwar da aka fara a 1997, ta farko irinta a Birtaniya. Na sayi tuffa a wurin wani manomin Somerset da ya dage sai na ɗanɗana iri uku kafin in zaɓa. Inda jirage suke tsayawa kuwa, tsakanin dandamali da dandamali, an shafe shi da kwalta an ja fararen layuka, masu zuwa babban kantin da ke baya ne ke ajiye motocinsu.